Randar Gindin Ceɗiya

Ni ba mutumin yawo ba ne. Tun ina yaro a Kano na ɗauka cewa tafiyar ƙafa wadda babu ciniki a ƙarshenta aikin marasa abin yi ce, kuma har yanzu ban canja ra'ayi sosai ba. Amma a ƙarshen shekarun casa'in na yi watanni ina bin wani dattijo a gaɓar ruwa da cikin kurmi, a wani ƙauyen masunta da ke bayan Guangzhou, ba ma saye ba ma sayarwa. Yau idan aka ambaci China ba kasuwa nake fara gani ba. Wannan hanyar nake gani, da shi a gabana yana dogara sanda.

A masallacin Huaisheng muka haɗu, ranar wata Juma'a. A lokacin baƙar fata ba ta da yawa a garin, idan ka hango ɗan'uwanka sai ka tsallaka titi ka gaishe shi ko ba ka san yarensa ba. Na fito daga salla ina neman takalmina, ina mita ni kaɗai da Hausa, sai na ji ana cewa a bayana ashe har nan bayinmu suka iso. Ko ban juya ba na san Badamagare ne, don babu mai yi wa Bakano irin wannan sallama sai su. Na juya na ce masa ai bawa ne ke riga ubangidansa zuwa ya share masauki, ga shi kuwa na tarar da shi. Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Kafin mako ya zagayo mun haɗa ɗaki a wani ƙaramin otal, ni ina ce masa Alhaji, shi yana ce mini Bakano, kuma ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba.

Ni yayana ne ya zaunar da ni can, ina sayen tocila da batir ina aika masa. Shi kuwa masu lambu ne na wajen Mirriya suka haɗa kai suka aiko shi ya sayo musu injinan ban ruwa, saboda shi suka yarda da shi. Ya iso gab da sabuwar shekarar mutanen China, bai san cewa ƙasar gaba ɗaya takan rufe shago ta tafi ƙauye ba. Masana'antar da ya bai wa aiki ta kulle ƙofa, ma'aikata suka watse. Da suka dawo kuma aka ce wani ƙarfe bai iso ba. Duk ranar da na raka shi wurin ejan ɗin da ke kula da kayansa a Huangpu, tashar da ake lodin kwantena, amsa ɗaya muke samu: meyo, wato babu. Ita ce kalmar da kowannenmu ya fara koya a ƙasar, tun kafin gaisuwa.

Da lafiyarsa ƙalau take, da jiran ba komai ba ne. Amma tun farkon zamanmu na lura idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ƙafafunsa kuma suna kumbura da yamma har takalmi ya ƙi shiga. Na matsa masa muka je asibiti da tafintanmu, wani Musulmi ɗan ƙasar mai jin Turanci da Larabci. Likita ya daɗe yana magana. Tafinta ya taƙaita mana: hanta ce, ta yi nisa, in yana da gida ya tafi gida.

A cikin tasi muna komawa, da muka kusa otal, Alhaji ya juyo gare ni.

"Bakano, mutuwa ba ta dame ni ba," ya ce. "Ni dai kada ta same ni a nan. A Damagaram nake so a sa ni, ko a bakin gari ne."

Na ce to magana ta ƙare, gobe mu nemi tikiti, ya bar mini kayan in tsaya a kansu har su hau jirgi. Ya ƙi. Ya ce mahaifinsa madugu ne na ayarin gishiri zuwa Bilma, bai taɓa hawa raƙuminsa ba sai ya ga an ɗaure wa raƙumi na ƙarshe kaya, ya ja igiyar da hannunsa ya ji ƙarfinta. Ya ce mutanen lambu a hannunsa suka sa amanarsu, ba a hannun Bakano ba, wanda kafin a waiwaya ya sayar da injinan ya sayi atamfa. Ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa wannan ba riƙon amana ba ne, taurin kai ne irin na mutanen sahara. Ya ce ya ji, kuma ranar da aka rufe kwantenarsa a gabansa, washegari ba zan gan shi a China ba.

Ƙauyen kuwa ba da gangan muka same shi ba. Wata rana mun fito daga wurin ejan da meyo ɗinmu, muka shiga bas, na ce mu sauka a inda muka saba, Alhaji ya ce a'a, bari mu ga inda wannan motar ke kwana. Muka wuce masana'antu, muka wuce gonakin ayaba da kududdufan kifi, fasinjoji suna raguwa, har direba ya kashe mota ya juyo yana kallonmu. Ƙarnin kifi ne ya fara tarbarmu. Gidaje ne ƙanana na jan bulo da baƙin rufi, wasu ƙafafunsu a cikin ruwa, ga kwalekwale a ɗaɗɗaure, ga jatan lande an shanya a kan tabarmin gora. Mata masu faffaɗar malafa suna ɗinkin koma. Kowa ya bar abin da yake yi ya zuba mana ido, kare ma ya manta da haushi.

Daga ƙarshen gidajen akwai wata siririyar hanya a kan tudun da aka yi don tare ruwa. Ta hannun dama ruwa ne har iyakar gani, ta hagu lambuna. Ranar farko mun tarar da ruwa ya ja baya, sai laka baƙa mai sheƙi da ƙananan kaguwa suna gudu, jiragen masunta sun kwanta a gefe ɗaya. Alhaji ya tsaya yana jajanta wa mutanen, ya ɗauka fari ne ya same su. Da muka dawo bayan la'asar ruwan ya cika har gindin tudun, jiragen sun tashi suna rausaya. Ya daɗe yana tasbihi. Ya ce a garinsu in ruwa ya tafi sai baɗi, in ma ya ga dama, amma ga wasu bayin Allah nasu yana zuwa yawo ya dawo kafin magariba.

Inda tudun ya ƙare akwai wata babbar ceɗiya mai saiwoyi a rataye, a nan hanya ta rabu. Ɗaya ta bi gaɓa zuwa inda ake gyaran jirage, ɗaya ta hau cikin kurmi. Gora ce da farko, dogaye, suna ƙara idan iska ta kaɗa, sannan wasu itatuwa masu ganye kamar allura da ƙanshin ƙaro. Ƙasa a jiƙe take koyaushe, ganye ya ruɓe a kai, sauro kuma ba ya jiran dare. A can ƙoli akwai wani falalen dutse, in ka zauna a kansa kana hango manyan jiragen da suka taso daga Huangpu ɗauke da kwantena, suna tafiya a hankali zuwa teku. Wannan dutsen ne ya kama Alhaji. Daga ranar, duk lokacin da ejan ya sallame mu, can muke nufa. Ya zauna yana haki, yana nuna jirage da sanda yana cewa wancan bato, haka suke ce wa jirgin ruwa, ba namu ba ne, wancan ma ba namu ba ne. Ni kuwa ina kashe sauro ina tuna masa cewa mutane masu hankali suna kasuwa.

A ɗaya daga cikin waɗannan ranaku muka yi abin da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. An yi zafi mai ɗanko, ruwan butarmu ya ƙare tun a kan tudu, ga azahar ta yi. Ciwon nan kuwa yana sa shi ƙishi, leɓensa har ya yi fari. Muna cikin hawa sai ya hango wasu randuna a gefen hanya, a jere cikin inuwa, an ɗan tona gangaren an zaunar da su, kowace da murfinta. Jar ƙasa ce mai sheƙi, tsayinsu ya kai gwiwa. Fuskarsa ta washe. Ya ce Allah ya yi wa mai wannan aiki albarka, ashe su ma sun san ladar ruwa. Ni ma ban yi shakka ba ko kaɗan. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san randar da ake kafawa a bakin hanya, a gindin bishiya, don matafiyi ya sha. Abin da kawai na ce shi ne sun yi rowar moɗa.

Na durƙusa na ɗaga murfin ta farko. Ya yi nauyi, ya kuma kama, sai da na murɗa. Babu ruwa a ciki. Ƙoƙon kan mutum ne a sama, a ƙarƙashinsa ƙasusuwa a shirye tsaf, an goge su fes.

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba, murfin yana hannuna. Sai ga wata tsohuwa ta ɓullo daga cikin gora, ta yar da itacen da ta ɗauko. 'Yar ƙarama ce, bayanta ya ranƙwafa, amma ta fizge murfin da ƙarfin da ban zata ba. Ta mayar da shi a hankali, ta share bakin randar da hannun rigarta, tana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba. Da ta gama sannan ta juyo kanmu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Ni na so mu gudu. Alhaji kuwa, da furfurarsa da kumburarrun ƙafafunsa, ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga buta ya kifa ta don ta ga babu komai, ya nuna bakinsa. Ta kalli butar, ta kalli randunan, sannan ta daɗe tana kallon idonsa. Ta ɗauki itacenta ta gangara ba ta waiwaya ba. Mu kuma muka yi taimama muka yi salla can nesa, muka koma gari ba mu hau dutsen ba.

Tafinta ne ya warware mana. Ya ce a ƙauyukan kudu akwai masu binne mamaci, bayan shekaru su tono ƙasusuwan su wanke, su shirya su a randa, su ajiye a gangaren dutse inda ake hango ruwa, har ranar da za a samar masa wurin zama na dindindin. Na yi a'uziyya, na tashi na sake wanke hannuna. Na ce ni da ƙauyen nan har abada. Alhaji ya ce mun faɗa wa mutane ɗaki ba sallama, ba kuma za mu zauna ba mu je ban haƙuri ba. Ya buɗe jakarsa ya ƙulla dabino a leda, daga guzurin da ya zo da shi.

Mun koma bayan 'yan kwanaki, ina tafe ina jan ƙafa. Tun daga kan tudu na hango wani abu a gindin ceɗiya wanda da babu shi. Randa ce, irin waɗancan sak, sai dai bakinta ya fi faɗi kuma murfinta na katako ne. A kai an kifa moɗa ta ɓawon kwakwa mai mariƙi. Na ja na tsaya, na ce wa Alhaji wannan karon shi zai buɗe. Muna cikin haka sai tsohuwar ta fito daga wani gida na ƙarshe, ta zo ta ɗaga murfin da kanta, ta ɗebo ruwa ta zuba a ƙasa don mu gani, ta sake ɗebowa ta miƙa wa Alhaji. Ta nuna ni tana dariya, babu haƙori ko ɗaya a gaba. Ya sha, ya sake sha, ya cika buta. Ya miƙa mata dabinon da hannu biyu. Ta nuna can saman gangaren, ta nuna ƙirjinta, ta nuna jiragen kamun kifi. Mun ɗauka randar mijinta ce na buɗe, amma ban taɓa tabbatarwa ba.

Daga nan randar ba ta sake rabuwa da ruwa ba. Mai sanyi ne, da ɗan gardin rijiya. Wani lokaci mu tarar da ita a wurin, Alhaji ya ce mata sannu Iya, ta amsa da nata yaren, su yi ta hira kowa da abin da yake faɗa. Wani lokaci ba ta nan, sai sawun ƙafarta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannu a hankali muka ga masunta ma sun fara tsayawa suna sha idan sun taso daga gyaran jirgi.

A gindin ceɗiyar nan ne wata rana ya tambaye ni ko na san don wa ake kafa randa a bakin hanya. Na ce don masu ƙishi mana. Ya ce shi ya sa ake ce mana bayi, ba mu san komai ba sai awo. A unguwarsu, in ji shi, yawanci don mamaci ake kafa ta. Mutum ya rasu, ɗansa ko 'yarsa su sayi randa su ajiye a inuwa, su riƙa cika ta kowace safiya. Mai wucewa ya sha ya ce Allah ya jiƙan mai ita, ko bai san ko wane ne ba. Shi ya yi wa mahaifinsa, ya yi wa matarsa. 'Ya'yansa kuwa babu wanda ya rayu ya yi wayo. Ƙanwa ɗaya ta rage masa, ita ma ta tsufa.

"In a gida na faɗi, za ta ga kabarina, abin zai zauna mata a rai, za ta kafa mini," ya ce. "In a nan ne, sai dai a ce Alhaji ya tafi China bai dawo ba. Wa zai sha ruwa ya tuna da ni?"

Na ce ya daina wannan magana, ni ne zan kai shi filin jirgi da kaina. Amma tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa, na tashi na yi kamar ina duba takalmina.

Babbar Salla ta same mu a can, muka yi ta ba rago ba 'yan'uwa. Ba da daɗewa ba muka je ƙauyen muka tarar kurmin ya cika da mutane. Ranar ziyarar matattunsu ce. Iyalai suna hawa da fartanya da kwandunan abinci, suna nome ciyawa a gefen randuna da kaburbura, suna kunna turaren tsinke, suna ƙona takardu, hayaƙi ya tokare cikin gora. Iya tana wurin nata ita kaɗai, da lemo a faranti. Na fara faɗin abin da kowane ɗan makarantar allo zai faɗa. Alhaji ya ce ya sani, ba addininmu ba ne, ba kuma zai zama ba, amma in duba in gani, babu wanda ya zo yana neman inda nasa yake. Ranar bai iya kaiwa falalen dutse ba. Muka zauna a rabin hanya har numfashinsa ya dawo, muka gangara.

Daga nan tafiyar ta riƙa gajarta. Muka daina shiga kurmi, sai mu tsaya a ceɗiya. Daga baya tudun ma ya fi ƙarfinsa, sai in riƙe masa hannu, mu huta a kan wani kifaffen kwalekwale, mu ƙarasa. Cikinsa ya kumbura, wuyansa ya rame, rigarsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na sa wani dattijo ɗan Maraɗi da muke haɗuwa a masallaci ya yi masa magana. Amsarsa ba ta canja ba: saura kaɗan.

Ranar da injinan suka fito ana yayyafi. Aka kawo su Huangpu a akwatunan katako, aka samo masa kujera ya zauna a ƙarƙashin lema, yana kallon kowane akwati har ya shige. Da aka rufe ƙofar kwantena ya ce in ɗaga shi. Ya je ya kama ƙarfen makullin ya ja da hannunsa, ya ji ƙarfinsa, ya ce alhamdulillahi. A hanyar komawa har waƙar raƙuma ya yi mini ƙasa-ƙasa, ya ce in shirya, gobe za mu nemi tikiti, jibi kuma mu je ya yi wa Iya sallama, don ba a shan ruwan mutum a tafi ba sallama.

Tikitin ya samu. Sallamar ce ba ta samu ba. Washegari da hantsi ya yi aman jini, muka kai shi asibiti, bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Ya ɗan farfaɗo sau ɗaya ya tambaye ni ko bato ya tashi, na ce ya tashi. Ya tambaya yau wace rana ce, na faɗa masa, na ga yana lissafi a ransa, na ga kuma lokacin da ya daina. Ya rasu da safe, ana saura kwanaki kaɗan jirginsa ya tashi, tikitin yana aljihun rigarsa da ke rataye a jikin gado.

Musulmin garin sun yi mana abin da ba zan manta ba. Su suka taimaka da takardu, muka yi masa wanka, muka sa shi a likkafani, aka sallace shi, sahu bai cika biyu ba. Aka binne shi a maƙabartarsu, a gindin wani dutse, cikin jar ƙasa mai danshi, tsakanin mutanen da bai taɓa jin yarensu ba. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba. Na yi fushi da shi kuma, fushi na gaske, don da ya ji maganata da yana Damagaram. Daga baya na sami labari injinan sun isa Mirriya lafiya, babu wanda ya ɓata. Ƙanwarsa kuwa an ce ta daɗe tana cewa ita ba ta ga gawa ba, ba ta kuma daɗe sosai a bayansa ba.

Sallamar da bai yi ba ta tsaya mini a rai. Bayan addu'ar bakwai na ɗauki sauran dabinonsa na shiga bas ni kaɗai har inda take kwana. Ruwa ya ja baya ranar, laka tana sheƙi. Na bi tudun da sauri, sai na ga ashe hanyar gajeriya ce, shi ne yake tsawaita ta.

Iya tana gindin ceɗiya tana juye guga a randa. Ta ɗago ta gan ni, ta leƙa bayana, ta daɗe tana duban hanya. Ta ɗaga yatsu biyu. Duk abin da na koya na yarensu na kasuwa ne. Na ce mata meyo. Ta yi murmushi ta nuna wani babban jirgi da ke wucewa can nesa, tana gyaɗa kai, wato ya tafi gida. Na so in bar ta a haka. Amma na girgiza kai, na juya na nuna mata saman gangaren, inda nata yake.

Ta ajiye gugan. Ta zauna a kan saiwar ceɗiya, ta sa hannu a gwiwa. Ni ma na zauna. Can ta tashi ta ɗebi ruwa a moɗa, ta fuskanci hanyar da muke zuwa, ta zuba shi a ƙasa a hankali har ya ƙare. Na ɗauka za ta kwashe randar ta mayar gida, tunda wanda aka kafa dominsa ya tafi. Sai ta ɗauki gugan ta ƙarasa cika ta har baki, ta mayar da murfi, ta kifa moɗa a kai.

Wasu masunta biyu suka taso daga wajen gyaran jirgi, laka har gwiwa. Suka tsaya suka sha, suka goge baki, suka wuce suna hirarsu. Ban san hukuncin wannan randa ba, ban kuma taɓa tambayar malami ba. Na jira har suka yi nisa, na ɗaga murfin da hannuna, na ɗebo na sha, na ce Allah ya jiƙan mai ita.